Cinikin Da Ba Ya Ƙarewa: Sony, PlayStation 3 da Rikicin Sabunta Manhaja

Ran 1 ga watan Afrilu na shekarar 2010, ranar da Turawa suka keɓe don zolayar juna da ƙaryar wasa, masu na'urar wasan PlayStation 3 a ƙasashe dabam-dabam suka kunna na'urorinsu, sai suka tarar da saƙo daga kamfanin Sony cewa sabuwar manhaja mai lamba 3.21 ta fito, a sauke ta. Irin wannan saƙo ba baƙon abu ba ne ga duk mai riƙe da wayar zamani ko kwamfuta, domin kowace na'ura daga cikinsu tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke tafiyar da al'amuranta, kamar Windows a kwamfuta ko Android a waya, kuma ɗabi'ar kamfanonin da suke ƙera su ce su riƙa aiko da gyara lokaci-lokaci, ko don toshe wata ɓaraka, ko don ƙara wani amfani. To, amma wannan karon abin da sabuntawar ta zo yi shi ne ta cire wani abu da aka sayar wa mutane tare da na'urar, har ma wasu da suka ga sanarwar suka zaci zolayar ranar ce, sai da suka ga aiki da cikawa.

Abin da aka cire ɗin sunansa OtherOS, kuma sai an koma baya kaɗan kafin a fahimci ƙimarsa. Lokacin da Sony ya fitar da PlayStation 3 a watan Nuwamba na 2006, a Japan da farko sannan a Amurka, ya sa mata kuɗi dala 499 ga ƙaramar, dala 599 ga babbar, alhali kuwa masu ƙididdigar kayan da aka haɗa ta da su sun ƙiyasta cewa kowace guda tana cin kamfanin sama da dala 800. Wannan ba wauta ba ce, tsari ne sananne a wannan sana'a: a sayar da na'ura da hasara, a mayar da kuɗi daga kason da ake karɓa a kan kowane faifan wasa da aka sayar. A cikin na'urar akwai wata ƙwaƙwalwa mai suna Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗa kai suka ƙera, mai saurin lissafi ƙwarai a ma'aunin wancan zamani. Kuma domin ya nuna cewa abin da ya ƙera ya wuce kayan wasan yara, sai Sony ya buɗe wata ƙofa a cikinta, wadda mutum zai iya shigar da manhajar Linux, wato wata babbar manhaja da ake rabawa kyauta kuma kowa yana da iznin dubawa da gyara ta, ta yadda na'urar wasa za ta koma kwamfuta sosai.

Waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa ba su da yawa idan an gwada su da masu wasa, amma ba ƙananan mutane ba ne. Wani malamin kimiyya a Jami'ar Massachusetts da ke Dartmouth, Gaurav Khanna, ya jera na'urori 16 ya haɗa su wuri guda yana lissafin al'amuran sararin samaniya da su. Ita kuwa cibiyar bincike ta rundunar sojan sama ta Amurka da ke garin Rome a jihar New York, sai da ta haɗa guda 1,760, ta samar da wata gagarumar kwamfuta da ta kira Condor, don sarrafa hotunan da ake ɗauka daga sama, a kan kuɗin da bai kai kusa da na sayen irinta a kasuwa ba. Mai hankali zai lura cewa kowace na'ura da sojoji ko malamai suka saya hasara ce tsagwaronta ga Sony, tun da babu faifan wasa ko guda da zai biyo bayanta. Kuma a ganina wannan yana daga cikin abin da ya sanyaya zuciyar kamfanin game da ƙofar da ya buɗe da hannunsa, domin tun a watan Satumba na 2009, da ya fitar da sabon samfuri siriri, bai sa masa OtherOS ba ko kaɗan.

Dalilin da kamfanin ya bayyana a fili kuwa shi ne tsaro, kuma ba za a ce ba shi da hujja ba. A watan Janairu na 2010 wani saurayi ɗan jihar New Jersey mai suna George Hotz, wanda tun yana ɗan shekara 17 ya yi suna a 2007 da kwance ƙullin da aka yi wa wayar iPhone, ya ba da sanarwar cewa ya bi ta OtherOS ya kai ga wani sashe na na'urar da aka killace. Hanyar tasa mai wuya ce, sai an buɗe na'ura an taɓa wayoyinta, ba abin da mai son satar wasa zai iya yi a ɗakinsa ba ne. Amma Sony ya hango abin da zai iya biyo baya, sai ya yanke shawarar toshe ƙofar baki ɗaya a kan kowa da kowa. Ya ce sauke sabuntawar ba dole ba ne. Sai dai wanda ya ƙi saukewa ba zai ƙara shiga dandalin PlayStation Network ba, inda ake wasa da juna ta intanet ake kuma sayen kaya, kuma sababbin wasannin da za su fito ba za su yi aiki a na'urarsa ba. Misalin wannan kamar mutumin da ya sayar maka da gida mai ɗaki biyu ne, ya karɓi kuɗinsa cif, bayan shekara uku ya dawo ya ce ka zaɓi ɗaki ɗaya domin zai toshe ɗayan da tubali, sannan ya ce ai bai tilasta maka ba tun da kai ka zaɓa.

A nan ne mas'alar take, kuma ita ce ta sa na ga labarin ya cancanci a ba da shi ko da an yi shekaru da aukuwarsa. Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe tsakanin bai'i da ijara rarrabewa bayyananniya: idan ciniki ya ƙullu, aka ba da kuɗi aka karɓi kaya, milkiyya ta tashi daga mai sayarwa ta koma ga mai saye, ba shi da sauran tasarrufi a cikin abin da ya fita daga hannunsa, idan kuwa haya ce, to, asalin abu yana nan ga mai shi, amfani kawai aka mallakar, shi ma zuwa wani ajali sananne. Na'urar zamani ta zo da wani abu na uku wanda bai zauna sosai a cikin ko ɗaya daga babukan nan biyu ba, domin ƙarfe da robar naka ne, amma manhajar da in babu ita ƙarfen ba ya motsi, kamfani yana cewa izni kawai ya ba ka ka yi aiki da ita, bisa sharuɗɗan da ke cikin wata doguwar takarda wadda kusan babu mai karantawa kafin ya danna alamar yarda, kuma a cikin sharuɗɗan har da cewa yana iya sauya ta duk sa'ad da ya ga dama. Ke nan hannun mai sayarwa bai fita daga cikin kayan ba, kuma sabuntawa ita ce hanyar da hannun yake bi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Sama da shekara uku PlayStation 3 ta yi ba a iya sa mata wasan sata ba, alhali takwarorinta na zamaninta tuni aka fasa su. Kuma masu kutsen da suka san sana'ar sun faɗa da bakinsu cewa sababin haka shi ne ƙwararrun cikinsu ba su da wata bukata ta fasa ta, tun da abin da suke nema, wato ikon gudanar da manhajar da suke so a kan na'urar da suka saya, an riga an ba su. Da aka karɓe, sai suka juyo. A watan Agusta na 2010 wata 'yar na'ura mai kama da filashi ta bayyana a kasuwa da sunan PS Jailbreak, wadda in an soka ta sai na'ura ta karɓi wasan da aka kwafa, Sony ya toshe ta da wata sabuntawar. Sannan a ƙarshen watan Disamba, a babban taron masu kutse da ake yi kowace shekara a Jamus, wanda a wannan karon aka yi a Berlin, wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta hau dandamali ta bayyana abin da ya girgiza kamfanin.

Bayanin abin yana da daɗin ji ko ga wanda bai yi nisa a lissafi ba. Kowane wasa da kowace manhaja da Sony ya yarda da su yana buga musu wani hatimi na lissafi, na'urar kuma ba ta karɓar kome sai ta duba ta ga hatimin. Shi kuwa hatimin ana fitar da shi ne daga wata lamba ta sirri wadda kamfanin kaɗai ya sani. Ƙa'idar wannan fanni ta shar'anta cewa duk lokacin da za a buga hatimi sai an haɗa da wata lamba ta daban da aka zaɓo bisa kaddara, sabuwa fil, wadda ba za a ƙara amfani da ita ba har abada, domin ita ce ke lulluɓe lambar sirrin. Ashe ma'aikatan Sony lamba ɗaya tak suka riƙa maimaitawa a kowane hatimi. Wanda ya sami hatimi biyu ya jera su, sai ya warware lissafin da bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare mai ƙwazo ba, lambar sirrin ta faɗo masa a hannu. A farkon watan Janairu na 2011 George Hotz ya wallafa ɗaya daga cikin manyan mabuɗan nan a intanet kowa ya gani, daga nan kuwa duk mai so yana iya buga wa manhajarsa hatimin Sony, na'ura ta karɓa ba ta da ta cewa. 'Yan fail0verflow da Hotz duka sun ce ba satar wasa suka nufa ba, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. Amma ƙofa in ta buɗe ba ta tambayar niyyar mai shiga, kuma cikin 'yan makonni na'urar da manhajarta ba ta wuce lamba 3.55 ba ta zama abin nema a kasuwa, domin ita ce ake iya loda wa wasanni a banza.

Sony ya garzaya kotu a San Francisco ran 11 ga Janairu 2011, ya kai ƙarar Hotz da 'yan ƙungiyar, yana dogaro da wata dokar Amurka ta 1998 wadda ta haramta karya ƙullin da aka yi don kare haƙƙin mallaka. Abin lura shi ne, watanni shida kafin nan hukumar da ke duba wannan doka ta halatta wa mutum ya kwance ƙullin wayarsa, amma ba ta faɗaɗa rangwamen zuwa na'urorin wasa ba. Kotu ta ba kamfanin iznin neman bayanan waɗanda suka ziyarci shafin Hotz, abin da ya harzuƙa mutane da yawa waɗanda da ba ruwansu da rigimar. Aka yi sulhu, aka sanar a watan Afrilu, Hotz ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara taɓa kayan Sony ba. Sai dai kafin nan taron masu kutsen nan marasa shugaba da ake kira Anonymous sun riga sun ɗaura wa kamfanin yaƙi, suna cunkushe shafukansa har su tsaya.

Tsakanin 17 da 19 ga Afrilu wasu suka kutsa cikin manyan kwamfutocin PlayStation Network suka kwashi bayanan asusu kimanin miliyan 77, da sunaye da adireshi da ranar haihuwa da kalmomin shiga. Ran 20 ga wata Sony ya rufe dandalin, amma bai gaya wa jama'a cewa an kwashe bayanansu ba sai ran 26, wanda wannan jinkiri shi kansa ya zama wani laifin. Dandalin ya yi kwana 23 a rufe. Ran 1 ga Mayu Kazuo Hirai, shugaban sashen wasanni a lokacin, ya tsaya gaban 'yan jarida a Tokyo tare da wasu manyan kamfanin biyu, suka sunkuyar da kai bisa al'adar Japanawa ta neman gafara. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka aka gano an taɓa wasu asusun sama da miliyan 24 a wani sashen kamfanin. Sony ya ƙiyasta hasararsa a kan dala miliyan 171, kuma a 2013 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam 250,000 saboda sakaci. Anonymous sun musanta cewa su suka yi satar, kuma adalci shi ne kada a ɗora wa Hotz ko fail0verflow wannan laifi, domin fasa na'urarka da ke ɗakinka dabam, shiga rumbun bayanan mutane miliyan 77 dabam.

Su kuwa waɗanda aka cire wa OtherOS sun haɗu sun kai ƙara tun 2010. Alƙali ya kori ƙarar a ƙarshen 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da wani sashenta a 2014, daga bisani aka daidaita a 2018 a kan dala miliyan 3.75, wanda da aka cire kuɗin lauyoyi aka raba, kowane mai ƙara ya tashi da kimanin dala 10, bayan shekara takwas. Tun a watan Satumba na 2011 kuwa kamfanin ya ƙara wani sharaɗi a takardar yarda, cewa mai shiga dandalinsa ya sarayar da haƙƙin haɗa kai da wasu a kai shi ƙara.

Kada mai karatu ya fahimci cewa ina halatta satar fasaha ne. Mu nan ba sai an ba mu labarinta ba, domin a gabanmu ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano, inda mai shirya fim zai zuba dukiyarsa, kafin ya mayar da rabin kuɗinsa an riga an kwafe ana turawa a wayoyi a bakin titi. Haka nan da yawa daga gidajen gem da samari ke biya su buga ƙwallo a birane, na'urorin da ke cikinsu an loda musu wasannin da ba a biya masu su ko kwabo ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi musu ta'adi, Nijeriya ma ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a 2023. Wasa ɗaya daga cikin manyan wasannin yau yakan ci aikin ɗaruruwan mutane na shekaru, kuma guminsu ba ya zama halal don kawai suna nesa da mu. Abin da nake cewa shi ne haƙƙi yana da fuska biyu, kuma wanda yake neman a kiyaye nasa bai kamata ya fara da tauye na wanda ya biya shi ba. Gabe Newell, shugaban kamfanin Valve mai dandalin sayar da wasanni na Steam, ya bayyana a 2011 cewa a ganinsa satar wasa galibi matsalar rashin kyakkyawar hidima ce, ya kuma kafa hujja da Rasha, ƙasar da aka ce ba a sayen wasa sai sata, wadda ta zama babbar kasuwa gare su da suka sauƙaƙa wa mutanenta saye.

Mafi munin ɓarnar da irin aikin Sony ke haifarwa, a ganina, ita ce koya wa mutane tsoron sabuntawa, alhali kuwa sabuntawar tsaro larura ce. Ran 14 ga Maris 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Ran 12 ga Mayu, wato bayan wata biyu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana kulle bayanan mutane tana neman fansa, har asibitocin gwamnatin Ingila suka soke ganin marasa lafiya sama da 19,000. Magani yana nan tun kafin cutar ta zo, waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su sha ba, kuma masu bincike sun danganta yawan kamuwar da aka yi a Sin da Rasha da yawan Windows na sata da masu shi ke gudun sabuntawa kada a gane su. Idan kamfani ya cuɗa gyaran tsaro da ƙwace amfani a cikin saƙo guda, to, ya ci amanar hanyar da rayukan bayanan mutane suka rataya a kanta.

Rigimar ba ta mutu ba, salo kawai ta sake. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe kwamfutocin da wasan tseren mota mai suna The Crew yake dogaro da su, sai wasan ya daina aiki ɗungurungum har ga wanda yake riƙe da faifansa. Wannan ya haifar da wani yunƙuri a Turai wanda ya tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a 2025, suna neman a hana kamfanoni kashe wasan da suka sayar. Jihar California kuma ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa mai sayar da kayan intanet dole ya bayyana wa mai saye in izni kawai yake ba shi. Wannan ƙaramin mataki ne, amma ya dace da abin da fuƙaha'u suka daɗe suna shar'antawa na kore jahilci da garari daga ciniki, wato kowa ya san abin da yake saye kafin ya miƙa kuɗinsa.

Abin da ya fi kusa da mu a yanzu shi ne Windows 10, wadda Microsoft ya daina aiko mata da sabuntawar yau da kullum ran 14 ga Oktoba 2025, sai fa wanda ya yi rajistar wani ƙarin wa'adi, alhali Windows 11 da ta gaje ta ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa, saboda tana bukatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. Irin waɗannan kwamfutoci su ne ake jibgewa a Turai da Amurka, su kuma ake lodowa zuwa kasuwanninmu a matsayin na hannu. Saboda haka wanda zai sayi kwamfuta ta hannu ya tambayi mai shago, tun kafin a yi ciniki, ko tana ɗaukar Windows 11, ya kuma sa a gwada a gabansa. In ba ta ɗauka, ya nemi ragi, ya sa a ɗora mata Linux wadda ake samu kyauta ta hanyar halal, maimakon Windows ɗin sata da aka kashe wa sabuntawa. Wanda kuma saƙon sabuntawa ya zo wa wayarsa ko kwamfutarsa, ya daure ya karanta abin da aka ce za a sauya, in gyaran tsaro ne kada ya bari ya kwana.